Lodin Wuce Kima da Jan Mota da Igiya: Tsautsayi ko Ganganci?

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ce mota ta faɗi da mutane, kalmar farko da takan fito daga bakin Bahaushe ita ce "tsautsayi". Sai ka ji an ce, "Ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Daga nan sai a yi wa mamata addu'a, a yi wa masu rauni sannu, a janye tarkacen motar gefen titi, washegari kuma wata motar ta biyo ta wurin ɗauke da irin lodin da ya kayar da ta jiya. Mu da muke nazarin harshe mun san cewa sunan da aka raɗa wa abu shi ke nuna yadda za a ɗauke shi. Tsautsayi shi ne abin da ya auka wa mutum ba zato ba tsammani, ba tare da ya jawo wa kansa ba. Ganganci kuwa shi ne mutum ya san abu yana da haɗari, amma ya rufe ido ya aikata. Abin da nake son mu duba tare a wannan ɗan rubutu shi ne, wacce daga cikin kalmomin nan biyu ta dace da motar a-kori-kura da aka lafta wa kaya har hancinta ya ɗaga sama, ko kuwa motar da ke jan wata da igiyar ɗaure shanu a kan babban titi cikin dare.

Ra'ayina, tun kafin mu yi nisa, shi ne irin wannan haɗari a tasha ake ƙulla shi, a wurin lodi, tun direba bai tayar da mota ba. Abin da ake gani a kan hanya ƙarshen labarin ne kawai. In kuwa haka ne, to a tashar ya kamata a nemi maganinsa.

Maganar ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, wato mu da ƙannenmu. A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce mutum 5,081 suka rasu a hanyoyin Nijeriya a 2023, a 2024 kuma 5,421. Gudun wuce sa'a ne ya fi yawa a cikin dalilan da hukumar kan ambata. To amma lodi shi ke hana mai gudu tsayawa in ya so tsayawa, shi ke kuma mayar da haɗarin mutum biyu ya zama na mutum ashirin.

A-kori-kura da Iyakar Ƙarfinta

Sunan motar kansa darasi ne. A ajin ginin kalma akan kawo "a-kori-kura" a matsayin misalin harɗaɗɗen suna, wato jimla sukutum da ta dunƙule ta zama suna guda. Kurar da ake nufi a nan ita ce ta turawa, irin ta 'yan dako da 'yan ga-ruwa. Ke nan tun asali Bahaushe ya ɗauki wannan mota a matsayin wadda ta zo ta karɓi aikin kura, ta kwashi kayan ɗan kasuwa daga tasha zuwa shago, ko amfanin gona daga ƙauye zuwa kasuwar da ke kusa. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar kamfanin a 1975, har zuwa Toyota Hilux da danginta na yau, abin da masu ƙera irin waɗannan motoci suka tanadar musu su ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato kilo 1,000. A cikin wannan lissafi kuwa har da direba da duk wanda ke zaune kusa da shi.

Tan ɗaya nawa ne a harshen kasuwa? Buhun masara mai kilo 100 guda goma ne, ko buhun siminti mai kilo 50 guda ashirin. In mutane ne, a ɗauka kowane babba ya kai kilo 65, to mutum goma sha biyar sun cinye tan ɗayan nan ba tare da an ɗora ko ƙunshin goro ba. Yanzu sai mai karatu ya tuna abin da yakan gani da asuba a hanyoyin da ke shiga kasuwar Mile 12 a Legas, ko Bodija a Badun, ko tsakanin Inugu da Anacha. Za ka ga a-kori-kura ɗauke da buhu ashirin, an jera jarkokin manja a gefe, an ɗaure doya da agade a saman kan direba, sa'annan ga mutum goma zaune bisa buhunan suna riƙe da igiya. In aka haɗa buhunan da mutanen kaɗai, an haura tan biyu da rabi a kan motar da aka ƙera don tan ɗaya.

Da yake an san motar ba za ta iya ba, sai a kai ta garejin makanike a ƙara mata falle biyu ko uku na sifirin, a kai wa mai walda ya ƙara tsawon bodi da tsayinsa. Bayan haka motar ba ta durƙushewa a ido, sai mai ita ya ce ta yi ƙarfi. Amma birkin nan shi ne dai na da, tayoyin ma haka, sitiyarin ma haka. Abin da aka yi kawai shi ne ɓoye alamar da za ta nuna wa jami'in hanya da fasinja cewa an wuce gona da iri.

Abin da Nauyi ke Yi wa Mota

Na farko, birki. Aikin birki shi ne ya shanye ƙarfin da mota ta ɗauko, ya mayar da shi zafi. In nauyi ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ya ninka biyu; in gudu ne ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. A doguwar gangara irin ta Ugwu Onyeama da ke kusa da Inugu, direban da ya dogara ga taka birki maimakon ya sauko da giya, yakan sa birkin ya yi zafi har ya daina kamawa. Sai a ce birki ya tsinke, kamar dai shi ya ga dama ya tsinke don kansa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, don haka ƙarin 'yan daƙiƙu kafin ta tsaya shi ne bambancin da ke tsakanin wucewa lafiya da afkawa cikin 'yan talla a bakin hanya.

Na biyu, taya. A jikin kowace taya akwai lambar da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Alal misali, lamba 100 tana nufin kilo 800, lamba 104 kuma kilo 900. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar FRSC takan shawarci direbobi da kada su yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. To ina ga tayar gwanjo da ta gama aikinta a Turai, aka ɗora mata ninkin abin da ta iya, aka hau da ita kwalta mai zafi da tsakar rana? Irin wannan taya zafi take tarawa a cikinta har ta fashe, kuma ba ta fashewa sai mota tana tsakiyar gudu.

Na uku, sitiyari. Idan aka jibge kaya a can ƙarshen bodi, bayan ƙafafun baya, gaban motar yakan yi sama, tayoyin gaba su rage kama ƙasa. Da waɗannan tayoyi ne kuwa ake juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Direba zai ji sitiyari ya yi masa sakayau a hannu, ya karya kwana motar ta ƙi bin sa. Da dare kuma fitilunsa sama suke haskawa, shi bai ga ramin da ke gabansa ba, ya kuma kashe wa mai tahowa ido.

Na huɗu, tsayin lodi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu a ka ya san cewa kaya in ya yi sama, ƙaramin tuntuɓe ya isa ya zubar da shi. Haka mota take. In lodi ya yi tsiri, kauce wa rami ɗaya ko sauka gefen kwalta ya isa ya kifar da ita. Waɗanda ke zaune bisa kayan kuwa babu bel, babu rufi, babu ƙofa. Su ake fara watsarwa a kan titi, sa'annan buhunan su biyo baya su danne su.

Jan Tirela da Jan Matacciyar Mota

Ɗaya ɓangaren matsalar shi ne abin da ake ja a baya. A hanyoyinmu iri biyu ne. Akwai ƙaramar tirela da ake jona wa a-kori-kura, ɗauke da janareto, ko tankin ruwa, ko injin kwaɓa siminti, ko kayan sauti na biki. Akwai kuma motar da ta lalace a hanya ake jan ta zuwa gareji.

Ita ƙaramar tirela tana da ƙa'idojinta, kuma ba masu wuya ba ne. Ana son kimanin kashi 60 cikin 100 na kayan ya kasance a gaban tayoyinta, ta yadda kimanin kashi ɗaya bisa goma na nauyinta zai danna ƙugiyar da ke bayan mota. In aka yi akasin haka, aka tura nauyi baya, to da an ɗauki gudu sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya, tana lilo dama da hagu, lilon yana ƙaruwa har ta fizgi bayan motar ta juya da ita. Direban da ya tsinci kansa a wannan hali, abin da ya kamace shi shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe. Taka birki da ƙarfi ko ƙoƙarin bin lilon da sitiyari ƙara dagula lamarin yake yi.

Bayan ƙugiya, dole ne a sami sarƙoƙi biyu da aka gitta a ƙarƙashin mahaɗar, domin in ƙugiyar ta kuɓuce su tallafe bakin tirelar kada ya caki ƙasa ko ta ɓalle ta shiga hannun masu tahowa. Dole ne kuma tirela ta kasance da fitilun birki da sigina nata na kanta, tun da ta rufe na motar. A Ingila doka ba ta yarda a ja tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 ba sai tana da birkin kanta. A nan kuwa tankin ruwa mai lita 2,000, wanda ruwan cikinsa kaɗai tan biyu ne, za ka ga an ɗora shi kan amalanken da mai walda ya haɗa a bakin titi, an soke mahaɗar da guntun rodi, an ɗaure da waya, babu sarƙa, babu fitila, babu birki. Ga shi kuma in tankin bai cika ba, ruwan yakan yi ta tambal-tambal yana tunkuɗa motar gaba duk lokacin da aka taka birki.

Jan matacciyar mota da igiya ya fi wannan muni. Yawancin motocin yanzu, birkinsu da sitiyarinsu da taimakon inji suke aiki. Da zarar inji ya mutu, bayan an taka birki sau biyu ko uku sai ya yi tauri kamar dutse, sitiyari kuma ya yi nauyi. Ke nan wanda aka zaunar a motar baya, sau da yawa yaron mota ne ko ɗan koyo a gareji, an ba shi motar da ba ta jin birki, aka ce ya bi wata a tazarar taku biyar. In ta gaba ta tsaya ba shiri, ta baya ta dake ta. In igiyar ta saki sa'annan aka fizga, ta tsinke, motar ta gangara inda ta ga dama. In batir ya mutu, babu ko fitila ɗaya a bayanta. A mararraba kuma ɗan acaba yakan hangi fili tsakanin motocin biyu ya kutsa, bai san akwai igiya a miƙe ba.

Abin da ya dace shi ne sandar ƙarfe mai ƙwari wadda ke riƙe tazara tsakanin motocin biyu, ko kuwa a kira janwe. Littafin ƙa'idojin hanya na Nijeriya ya ƙayyade wa motar janwe gudun kilomita 45 a awa muddin tana jan wata, ko da a kan babban titi mai hannu biyu ne. In motar da aka ƙera don wannan aiki ba a yarda ta wuce 45 ba, mene ne hujjar mai igiya da ke gudun 80? Haka kuma motar da ta mutu a kan titi, alamar gargaɗi mai kusurwa uku ake kafa mata nesa kaɗan, wadda direbobi ke kira si-koshin. Ganyen da ake karyowa a zuba a kwalta ba ya ƙyalli da dare.

Gani ga Wane

Halin da ke sa a lafta wa a-kori-kura buhu ashirin shi ne dai ke aiki a manyan motoci, sai dai can ɓarnar ta fi fitowa fili. Ranar 28 ga Yunin 2018 wata tankar mai ta ƙwace a gadar Otedola da ke bakin hanyar Legas zuwa Badun, ta kama da wuta, motoci fiye da 50 suka ƙone, aƙalla mutum 9 suka rasu nan take. Binciken da gwamnatin jihar Legas ta bayyana ya nuna cewa an ƙera motar ne don nauyin kimanin tan 15, amma aka mayar da ita tanka mai ɗaukar tan 30. A watan Janairun 2023 kwantena ta suɓuto daga kan tirela a gadar Ojuelegba ta danne wata bas, mutum 9 suka mutu, alhali kuwa kowace kwantena tana da wurin kullewa a kusurwoyinta huɗu don kada ta rabu da tirelarta. A watan Satumban 2024 kuma, a yankin Agaie na jihar Neja, tankar mai ta yi karo da wata babbar mota da ta haɗa mutane da shanu, aƙalla mutum 48 suka ƙone.

Wannan na ƙarshe ya fi taɓa ni, domin irin waɗannan motoci su ne ke kawo da yawa daga cikin 'yan uwanmu masu zuwa neman abinci nan Kudu. Saurayi ya bar garinsu zai zo Legas ko Fatakwal yin dako ko gyaran takalmi, kuɗin bas ya fi ƙarfinsa, sai ya biya rabi ya hau saman tirelar shanu ko ta albasa, ya kwana biyu a kan katako. A 2024 hukumar FRSC ta kafa rundunar haɗin gwiwa da sauran jami'an tsaro don hana tireloli ɗaukar fasinja, amma duk mai bin hanyar Lakwaja ya san cewa da sauran aiki.

Hanzarin Direbobi

Ba adalci ba ne a yanke hukunci ba a ji ta bakin wanda ake tuhuma ba. Na taɓa zama da wani dattijon direban a-kori-kura a wata tasha, na ce masa, "Baba, me ya sa ba za ku tsaya a buhu goma ba?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kai lissafin takarda kake yi. In na ɗauki goma, da me zan sha mai, da me zan kai wa mai mota balas, da me zan sallami 'yan kamasho da masu tsare hanya? In na ƙi ɗauka, na bayana zai ɗauka, ni in koma gida hannu rabbana."

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kayan gyara sun yi tsada, ƙauyuka da yawa mota ɗaya ke shigarsu a rana, mai tumatir kuma ba zai iya jiran sawu na biyu ba. Duk na yarda da wannan.

Inda na rabu da Baba shi ne, lissafinsa na rana ɗaya ne. Motar da ke ɗaukar ninkin ƙarfinta ta fi shan mai, ta fi cin taya, ta fi karya sifirin, kulocinta da giyarta ba sa daɗewa. Abin da ƙarin buhu goma ya kawo yau, gareji zai karɓe shi a ƙarshen wata. Ranar da ta kife kuwa, mota da kaya da jari duk sun tafi lokaci guda, garin neman gira an rasa ido. Sa'annan akwai abin da lissafin bai taɓa ba sam: ribar ƙarin lodi aljihun mai mota da mai kaya da ɗan kamasho take shiga, amma wanda ke biya da ransa shi ne matar da ke zaune kan buhu da goyo a bayanta, da yaron makarantar da ke tsallaka titi. Ba a yi shawara da su ba lokacin da ake ƙulla cinikin.

Hanyar ma tana ji a jikinta, musamman daga manyan motoci. Wani gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ramin da lodi ya haƙa yau, shi ne zai kayar da wata motar mai lodi gobe.

Ina Mafita?

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direba ba shi kaɗai ke lodi ba, don haka ba shi kaɗai zai gyara ba.

Da farko, ƙungiyoyin sufuri irin su NURTW da RTEAN, da shugabannin kasuwanni, da sarakunan Hausawa na Sabo da sauran zangonni, su ne ke da iko a wurin da ake lodi. Babu motar da ke tashi daga tasha ba da sanin 'yan yuniyan ba. Wanda ya iya hana mota lodi don ba ta biya kuɗin tikiti ba, zai iya hana ta tashi don ta wuce kima. In dokar ta hau kan kowa a tasha ɗaya, hujjar "na bayana zai ɗauka" ta faɗi. A rubuta a ƙofar kowace a-kori-kura adadin buhun da ta iya, da harshen da ɗan dako zai gane.

Na biyu, a raba mutane da kaya. Mai kaya ya zauna gaba ko ya biyo bas. Bayan a-kori-kura da saman tirela ba wurin zaman ɗan Adam ba ne.

Na uku, hukunci ya kai ga mai mota da mai kaya. Tarar lodin wuce kima da aka daɗe ana yanka, naira 10,000, ba ta kai kuɗin buhun masara ɗaya ba, don haka wasu sun ɗauke ta kamar kuɗin shiga hanya. Abin da zai yi tasiri shi ne a sauke rarar kayan nan take, mai su ya nemo wata motar da kuɗinsa. Hukumar FRSC, wadda aka kafa tun 1988, da jami'an VIO na jihohi suna buƙatar sikelin auna motoci a bakin manyan kasuwanni, kuma jami'in da ya karɓi na goro ya ɗaga wa irin wannan mota hannu, a ɗauke shi a matsayin abokin tarayya cikin abin da ya biyo baya.

Na huɗu, a sauƙaƙa samun janwe. Direbobi da yawa suna komawa ga igiya ne don tsoron kuɗin da za a caje su. In kowace ƙungiyar direbobi ta tanadi janwe ɗaya da sandunan ja guda biyu ko uku don 'ya'yanta, a kan farashin da aka sani, igiya za ta koma turken shanu. Su ma masu walda da makanikai, ya kamata ƙungiyoyinsu su hana haɗa tirelar da ba ta da sarƙa da fitila.

Na biyar, mu ɗalibai. Mu fasinjoji ne kafin mu zama komai. Lokacin hutu, ko ranar da ake kwashe kaya daga ɗakin kwana, ko tafiyar biki da wasan ƙwallo, mu ma mukan cika bayan a-kori-kura muna waƙa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ka ga mota ta durƙushe, sauka ka jira wata. In ka ga ana jan mota da igiya a babban titi, ka ba su tazara, ka kuma kira lambar gaggawa ta FRSC, wato 122. Bugu da ƙari, yawancin bayanan da na kawo a sama da Ingilishi suke a rubuce, alhali masu lodi da masu tuƙi da Hausa da Yarabanci da Ibo suke magana. Wanda ya iya harsuna biyu zai iya zama da ɗan uwansa direba ya nuna masa lambar da ke jikin tayarsa, ya fassara masa abin da take nufi.

Kammalawa

Idan taya sabuwa ta taka ƙusa ta fashe a motar da ke ɗauke da daidai ƙarfinta, wannan tsautsayi ne, sai haƙuri. Amma motar tan ɗaya da aka ɗora wa tan biyu da rabi, a kan tayar gwanjo, da mutum goma a bisa, ko motar da ba ta da birki ake jan ta da igiya cikin duhu, kowa a tashar ya san abin da zai iya faruwa tun kafin ta tashi. Sunan wannan ganganci, kuma ina kira ga 'yan jarida da masu fassara labarai, da mu da za mu gaje su, da mu riƙa kiran sa da sunansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a ƙirga buhu tun a tasha, a duba ƙugiya da sarƙa tun a gareji. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.